Ka Ɗauki Balki Tsakanin Salla da Salla

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Sanusi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka Sakkwato lafiya. Allah ya tsare ka a hanya, ya tsare ka inda za ka kwana da inda za ka yini, ya sa mai garejin da Kawunka Garba ya samo maka ya zama mai haƙuri. Ka gaishe mini da Kawu da matarsa Kulu da yara. Ƙanwarka Balki ce ke riƙe da bik tana rubutawa, ni ina faɗa, don ka san ban yi lakwal ba, ban san boko ba. Za mu sa takardar a ƙasan jakarka. Ka karanta bayan ka huta.

Ba labarin gida zan ba ka ba, ka san shi duka. Magana ɗaya ce ta hana ni sakat. Shekaranjiya muna zaune gindin darbejiya ka ce wa Balki a gaban kowa: "Ƙaramar salla in ta zo zan dawo in ɗauke ki, mu je wurin wasan nan na Sakkwato ki hau lilo har ki gaji." Babanku ya yi dariya ya ce ka fara samun kwana a gareji tukuna kafin ka fara rabon alkawari. Ni kuwa na tashi na shiga ɗaki. Na san ka ɗauka fushi na yi. Tsoro ne, Sanusi. Tun ranar tuwo ba ya wuce mini da daɗi.

Ka san abin da Balki ke ɗauke da shi a jikinta. Amosanin jini ba ya son zafi mai yawa, ba ya son sanyi, ba ya son ƙishirwa, ba ya son doguwar tsayuwa. Shi ne ya ɗauke yayarka Larai. Abin da ba ka sani ba shi ne na taɓa kai ta wannan wurin da kake faɗa, kai ma kana tare da mu. Shekararka biyar, ba za ka tuna ba. Ban taɓa ba wa kowa labarin yadda aka yi ba, har babanku rabi ya sani.

A shekarar ƙaramar salla ta faɗo tsakiyar bazara. An sayar da albasa, kuɗi sun ɗan shigo hannun babanku, ya ce in ɗauke ku mu je mu gaida Kawu. Yayarka tana da shekara bakwai. Wata yarinya a ƙauyenmu ta ba ta labarin dawakin ƙarfe masu kewayawa ana kiɗa, tun daga nan ba ta da wata magana. Ni kuwa ban tambayi kaina ko wane lokaci ne na shekara ba. Na ji ana cewa da salla ake zuwa, na ce to da salla za mu. Ban tuna cewa salla tafiya take ba. Bana ta zo da zafi, bayan wasu shekaru ta zo da sanyi, wata shekarar cikin ruwa. Mai lafiya ba ruwansa. Mai yaro irin nawa shi ya kamata ya ɗaga kai ya dubi sama kafin ya dubi wata. Wannan kuskure na farko ke nan, kuma shi ne nake ganin kana shirin yi.

Ban ce ban yi dabara ba. Na yi, ita ce ma ta kashe ni. Na ƙirga da yatsuna na ce ranar idi da washegari da ta uku duk na yawon salla ne, mutane za su yi yawa. Rana ta huɗu kowa ya koma sana'arsa, sai mu je mu samu wuri fili. Abin da na manta, a shekarar mu na wannan gefen iyaka mun riga mutanen Sakkwato ganin wata. Mu a nan mun sha ruwa su suna azumi. Ranar da na ƙirga ta huɗu, su ta uku ce, ranar da duk wanda bai fita da yaransa ba yake fita. Da muka isa gidan Kawunka na faɗi lissafina, Kulu ta tafa hannu tana dariya.

"Yaya, ai ku 'yan Faransa na ƙetaren iyaka kun yi gaggawa. Taku ta ƙare, tamu yau ta yi daɗi!"

Da ina da hankali da na ce mu kwana biyu mu jira. Amma na bar awaki hannun maƙwabta, na ce wa babanku jibi za mu dawo, ga yarinya ta riga ta sa kayanta tun da safe tana tsaye bakin ƙofa. Na ce mu tafi. Don haka ka riƙe wannan: iyaka ba ta da nisa, amma ranar sallarmu da tasu ba kullum suke haɗuwa ba. Kada ka yi lissafi da ta gida kana can. Ka tambayi mutanen garin.

Na zo da gora cike da ruwan rijiyarmu, na ɗinka mata igiya don ratayawa. Da za mu fita Kulu ta dube ta ta ce:

"Haba Yaya, da wannan za ki shiga? Nan birni ne fa. Ana sayar da ruwan sanyi a can, ajiye ta kada a ce mun zo da Fulanin daji."

Wasa take yi, ba ta san abin da ke jikin yarinyar ba sosai. Ni na sani. Na ajiye gorar bayan ƙofa don kada a yi mini dariya. Kuma na sa wa yarinyar shadda sabuwa mai ƙarfi wadda ba a taɓa wankewa ba, da takalmi mai rufi da ya ɗan matse ta, don a ce ɗiyar ƙauye ta fito tsaf.

Mun shiga bayan azahar. Ban taɓa ganin mutane haka ba, ko ranar kasuwar Ƙonni. Layin dawakin ya lanƙwasa ya sake lanƙwasawa, ba inuwa ko ta hannu. Ka taɓa ƙarfen shinge ka yi ihu, na goya ka. Masu ruwa suna can bakin ƙofa, in ka fita layi wurinka ya tafi. Kulu ta je nema, ta daɗe, ta dawo ta ce ya ƙare sai lemun kwalba mai ɗumi. Yayarka ta kurɓa sau biyu ta miƙa maka.

Ta riga ta zaɓi dokinta tun daga nesa, wani kore mai karyayyen kunne. Duk zagayowarsa sai ta nuna shi. Can ta fara tambaya:

"Inna, saura mutum nawa?"

Sai in ce wa Kulu: "Ce mata saura kaɗan."

Ka ji yadda na amsa. 'Yar fari ce. Ka san yadda muke, ba a kiran sunan ɗan fari, ba a wasa da shi, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Haka uwata ta yi da nata ɗan farin, haka na tashi na gani. Na ga ta daina nuna dokin. Na ga ta tsaya da ƙafa ɗaya ta ɗaga ɗayar, ta sake ta canza. Na ga leɓenta ya bushe ya yi fari. Duk na gani. Zuciyata tana cewa sauke wannan ki ɗauki waccan, kunya tana cewa me Kulu za ta ce, me matan layi za su ce. Na tsaya ina kallon gaba kamar ɗiyar wani ce.

Saura mutum uku a gabanmu ta zauna ƙasa. Ba ta yi kuka ba tukuna. Ta ce:

"Inna, ki riƙe mini wurina, zan tashi."

Ba ta tashi ba. Wani bawan Allah ne ya ɗauke ta ya ratsa mutane da ita, muna bin sa. Kwana shida muka yi a asibiti. Malamar da ke sa mata ruwa ta tambaye ni abin da yarinyar ta sha tun safe. Na sunkuyar da kai. Ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, ba ke ce uwarta ba?" 

Sanusi, kunya aba ce mai kyau, da ita na raine ku, amma ranar ta kusa kashe mini ɗiya. Balki ba 'yar fari ba ce, kai ma ba uwarta ba ne, amma ina gaya maka don ita ce mai kunyar yanzu. Ba za ta ce maka tana jin ƙishirwa ba. Ba za ta ce ƙafarta ta fara ba. Za ta ga ka sha wahala ka kawo ta, ta danne. Ga ta nan tana rubutawa, ta san ba ƙarya nake mata ba. Kada ka tambaye ta "lafiya?" don za ta ce lafiya lau. Ka dubi tafiyarta. In ta fara jan ƙafa, ko ta riƙe gwiwar hannu, ko farin idonta ya ƙara rawaya, ku fita, ko da ita ce ta gaba a layi. Ruwa kuwa ka rataya shi a kafaɗarka. Wanda ya yi dariya ya yi.

Da muka dawo gida, yayarka ta warke, abin da ta fara tambaya shi ne ko an hau dokinta. Na sa kakarku ta ce mata za mu koma. Shekara ta zagayo na ce wannan karo na koyi hankali, ba zan je da zafi ba, ba zan je da salla ba. Na zaɓi damina, lokacin dogon hutun lakwal, gari ya yi sanyi. Babanku yana tsakiyar noma na biyu, ya ɗago daga fartanya ya ce:

"Yanzu ke Hadiza, ciyawa na cin gero, ke dokin ƙarfe ne a ranki? Wa ya taɓa mutuwa don bai hau lilo ba?"

Na nace har ya gaji ya ce in je. Muka hau amalanken jaki daga ƙauye zuwa bakin kwalta a Dogarawa. Da muka fito gari garau. Ba mu yi rabin hanya ba hadari ya taso daga gabas. Ba bukka, ba itace babba. Na lulluɓe ta da zanena, ruwan ya ratsa. Koramar da muke ƙetarewa ƙafa a bushe ta kawo har cikin jakin, muka tsaya bakinta jiƙe sharkaf muna jira ta sauka. Kafin mu sami mota haƙoranta suna haɗuwa. A Ƙonni tafiyar ta ƙare, ba mu ko ga iyaka ba. Bayan ciwon ƙashin ya lafa masassarar sauro ta hau kai. Har aka yi girbi tana kwance.

To damina ma ba ita ba ce. Na guji zafin rana na kai ta ga ruwa. Kai da za ka zo da babur ko ka sa ta a motar tasha, ka sani sanyin jiƙa ya fi na hunturu saurin tayar da ciwon nan. In dai akwai sauran hadari a sama, ka bar ta gida.

Daga nan tsoro ya shige ni. Duk lokacin da yayarka ta tayar da maganar, sai in aika mata da "sai baɗi". Da sanyi in ce sanyi ya yi yawa. Da bazara in ce zafi. Da damina ban ma bari a ambata. Akwai wasu makonni bayan an gama ɗaure gero da gari ke yin daidai, ba zafi ba sanyi, ina ganinsu suna zuwa suna wucewa, sai in sami wani aiki in sa gaba. Shekara biyu ina haka. Ta rasu cikin ɗari tana da shekara goma, wata Talata da hantsi, Balki tana goye a bayana. Allah ya jiƙanta. Kwananta ne ya ƙare, na sani, ba lilo ne zai ƙara mata ba. Amma babanku da ya yi waccan maganar a gona, da bakinsa ya ce mini bayan an share makoki: "Da mun sani da mun kai ta." 

Kuskuren da ya fi duka shi ne wanda na yi wa Balki, don shi na daɗe ina yi. Tun da aka gane ita ma tana da ciwon na ɗaure ta a gindina. Ba ta zuwa rijiya. Ba ta zuwa biki ƙauyen da ke kusa. Ƙonni ba ta san ta ba sai ƙofar asibiti. Bara da mushensu, malamin lakwal ɗinsu, ya ce zai kai 'yan ajinsu su ga madatsar ruwa, har gida ya zo ya roƙe ni, ya ce shi zai riƙe ta da kansa. Na ce a'a. Ta tsaya bayan darni tana kallo motar ta tashi, ta dawo ta ci gaba da tsince wake. Mutane suna cewa Balki akwai natsuwa, Balki ba ta da hayaniya. Ni na san inda shirun ya fito. Yaron da kullum aka ce masa a'a yakan daina tambaya. Ta ci jarrabawar sartifika ta gama firamare bana, ko ita ba ta roƙi komai ba. Shekaranjiya da ka yi maganar nan na ga fuskarta kafin in tashi. Rabon da in ga haka tun tana ƙarama.

Saboda haka ba hana ka zan yi ba. Lokacin ne ban yarda da shi ba.

Ƙaramar salla bana za ta zo ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba. Ka san zafin nan na bayan damina mai gumi, ga sauro bai tafi ba, ga taron mutane. Ba ita ba. Babbar salla kuma za ta faɗo cikin sanyi sosai, lokacin da muke kwana da garwashi a ɗaki saboda ita. Ita ma ba ita ba. Ka bari a shiga watan da ke tsakaninsu. Alamar da zan ba ka ita ce: in gero ya shiga rumbu, babanku ya fara dashen albasa a fadama, in da safe mutum yana son mayafi marar nauyi amma ruwan randa bai fara cizon haƙori ba, to lokacin ne. Ba ya daɗewa. Mako uku ne, in ya yi yawa huɗu. In ka yi sanya ya wuce.

Kafin ka zo, ka je wurin da ƙafarka ka gani. Na ji an ce in ba salla ba wasu ranaku ba sa tayar da injin in mutane ba su da yawa. Ka tambayi mai tsaron ƙofa wace rana suke kunnawa, kada ka kwaso yarinya tun daga nan ku tarar da dawaki a tsaye. Ka duba inda inuwa take da inda za ta zauna. Ka san hanyar asibiti mafi kusa tun kafin ka buƙace ta. Kada ku ƙetare iyaka ranar kasuwa, motoci na cika, ana daɗewa wurin masu bincike, za ta yi ta tsayuwa a rana. Ka riƙe takardar shaidarka da tata takardar haihuwa, da karnen asibitinta, ɗan littafin nan na likita, da ƙwayoyinta, zan ɗaure su a leda ɗaya. Kada ka ɗauke ta a babur tun daga nan, iskar hanya za ta shige ta. Ku kwana gidan Kawu ta huta, washegari ku je da la'asar sakaliya, ku fito kafin magariba ta kawo sanyi. Tsohuwar atamfarta za ta sa da silifas, in Kulu ta ce a canza mata ka ce Inna ta hana. Kada ka saya mata ƙanƙara ko ta kalle ta. Abin nan mai tsawo da ke ɗaga mutane sama, in wuta ta ɗauke suna can fa? Ban sani ba. Ka tambaya. In ba ka gamsu da amsar ba, ta hau na ƙasa.

 Ko yanzu da ake rubutawa wata zuciyar tana ce mini in sa a yaga takardar, in bari salla ta zo in ce ba ta jin daɗi, shi ke nan. Na san kaina, Sanusi. Na yi shekara biyu ina yi wa ɗaya haka, na yi goma sha uku ina yi wa ɗaya. In lokacin ya matso zan sami dalili. Zan aiko direban Dogarawa ya ce maka Inna ta ce a bari sai baɗi. Zan ce ta yi tari, ko aiki ya yi yawa, ko na yi mummunan mafarki.

In wannan saƙon ya zo maka, kada ka karɓa. Ka zo. Ka dube ta da idonka. In da gaske tana kwance, ka zauna ka yi mana kwana biyu ka koma. In ka tarar da ita a tsaye tana tsince wake, ka fito da wannan takarda ka karanta mini a gaban babanku, ka ce mata ta ɗauko mayafinta. Ko na yi kuka ku tafi. Da hannunta na sa ta rubuta, na shafa wa babban yatsana tawada na dangwala a ƙasa, don kada in ce ban faɗa ba.

Allah ya kai ka lafiya, ya ba ka sana'a mai albarka, ya tsare hannunka daga ƙarfe da wuta, ya raba ka da mugun aboki. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka ji maganar Kawunka. Allah ya nuna mana watan nan muna masu rai da lafiya, ya kai ku ku biyu, ya dawo mini da ku ku biyu. Amin.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Hadiza